Mai Mabuɗin Ruwa

Shekara ashirin da bakwai ina tsaron ƙofa,
ƙofa ta huɗu a magudanar Bakolori.
In na murɗa ƙarfe, shinkafa ta sha har Bakura,
in na ɗaure, masu gona su zo da goro.
Ni ne Jaɓɓi, mai mabuɗin ruwa.

Sai ga tsufa ya kai ni bayan ɗaki,
ƙarfe biyun dare, da buta a hannu,
ina tsugune kamar manomin ƙarshen layi
wanda sai kowa ya ƙoshi ake tuna shi.
Ɗigo. Shiru. Ɗigo.
Zakaran Tumba ma ya gane sawuna, ya bar firgita.
Sau shida nake fita kafin assalatu,
alwalata ba ta kai ni raka'a biyu.
Na bar sahun gaba na koma wajen takalma
don in zame ban tsallake kowa.

Na sha sassaƙe, na sha jiƙon kasuwar Talata,
ɗaci dai na samu, ƙofa ta ƙi buɗuwa.

Ɗana ya sa ni a mota sai Gusau.
Likitan, na girmi ubansa.
Abin da ya yi da safar hannu
ya tsaya tsakanina da shi da Mahalicci.
Ya zana mini a bayan takarda:
Baba, ga mafitsara, ga hanya,
ga tsokar da ta kumbura ta shaƙe wuyanta.
Na ce, yaro, ai toshiya ce,
na yashe irinta da shebur tun ba a haife ka ba.
Ya yi dariya, ya ce wannan ba ta shebur ba ce,
sai haƙuri, sai a hankali take sacewa.

Ƙwaya ɗaya a rana, ba ta kai wake ba,
sunanta ya ƙi zama a harshena.
Ya ce wata shida, kada in ƙirga kwana.
Ya ce mai ciki kada ta taɓa fasasshiya,
ga surukata Hussai da cikin fari,
sai na kulle ta a gwangwanin tsohon mabuɗi
na ɗora can bisa katanga.
Ya rage murya ya ce wataƙila murhu ya yi sanyi.
Da na faɗa wa Tumba, ta ci gaba da tankaɗe,
ta ce, barcinka nake so, ba hayaƙi ba,
shekara uku ƙarar ƙyaure ke hana ni runtsawa.

Wata na bakwai, ranar Juma'a,
Labbo wanzami ya jiƙa mini kai,
ya ɗaga aska, sai ya tsaya.
Jaɓɓi, wa ya yi shuka a wannan faƙo?
Shekara talatin ina karɓar kuɗin kai guda
alhali rabi nake askewa!
Ya miƙo fasasshen madubinsa:
ga shi nan, tsilli-tsilli, kamar jikin ɗan tsako.
Na ce, Labbo, ruwa na je nema,
aka haɗo ni da ciyawa.

Kafin la'asar labari ya kai tasha.
Sahabi ɗan acaɓa, da goshi ya fara cin gonarsa,
ya biyo ni gida, wai ko biyu in sam masa.
Na ce ba gyaɗa ba ce, ga hanyar Gusau can,
mai tsaron ƙofa ba ya sakin ruwa ba takarda,
ko da ɗan'uwansa ne ke kukan bushewa.

Gashin kuwa hula ta rufe abinta,
Labbo kaɗai ya ƙaru, ya daina jin kunyar kuɗina.
Na koma sahu na biyu, ban kai na farko ba tukuna.
Daren jiya sau ɗaya na fita,
na tsuguna, na ji ƙasa tana amsawa.
Na daɗe a wurin bayan na gama,
buta a hannu, ina saurare,
har Tumba ta leƙo ta ce, lafiya kuwa?